Gishiri da laka a ƙarƙashin tsaunuka: yadda duwatsu masu rauni ke tsara inda iskar gas take taruwa

A farkon shekarar 2019 aka kammala haƙa wata rijiya a yankin Tarija da ke kudancin Boliviya, mai suna Boyuy X-2, wadda zurfinta ya kusa mita 8,000. Ba a taɓa haƙa mai zurfinta a ƙasar ba. Tun kafin a gama gwaji jami'an gwamnati suka fara maganar an faɗa kan "tekun gas". Da gwaji ya kammala, abin da ya fito bai kai ya mayar da kuɗin haƙa ba. A cikin waɗannan shekaru kuma, a gindin tsaunukan Tian Shan na yammacin ƙasar Sin, ana ta haƙa rijiyoyi masu zurfin mita 6,000 zuwa 8,000, suna ba da gas ɗin da ake turawa ta bututu har gabashin ƙasar.

Mai bin labarai yana da hujjar ruɗewa. Wuraren biyu duk gindin tsauni ne, duwatsunsu duk a lanƙwashe suke, zurfin ma kusan ɗaya. Kaso mai tsoka na amsar yana cikin wasu shimfiɗun dutse da ba kasafai ake ambatarsu a labarai ba, wato gishiri, jifsam (wani farin dutse mai laushi) da dutsen laka. Su ne mafiya rauni a cikin tarin duwatsun, amma su ke tsara siffar da masu ƙwarin za su ɗauka, su ke rufe gas ɗin ko su bar shi ya tsere, kuma su ke ɓoye wa mai haƙa abin da ke ƙarƙashinsu.

## Kalmomin da za a riƙe

Duwatsun da ake samun gas a cikinsu hawa-hawa suke, kamar shafukan littafi. Kowace shimfiɗa ta kwanta ne a zamaninta, a ƙasan teku ko tafki ko bakin kogi. Akwai masu ƙwari, irin su dutsen farar ƙasa da dutsen yashi, waɗanda idan aka matsa su sukan lanƙwashe a dunƙule ko su karye. Akwai masu rauni, waɗanda sukan zame, su murƙushe, ko su malala a hankali kamar kakin da ya ji zafi. A can ƙasan duka akwai tsohon dutsen tushe, wanda duk shimfiɗun suka kwanta a kansa.

Idan faifai biyu na ɓawon duniya, wato manyan falayen dutsen da ƙasashe da tekuna ke zaune a kansu, suka yi karo, shimfiɗun da ke gefen karon sukan takure. Inda suka tasa sama kamar doron raƙumi, za mu kira shi doro. Inda suka lotsa tsakanin doro biyu, kwari ke nan. Inda dutsen ya karye wani ɓangare ya hau kan ɗan'uwansa, tsagar hawa ce. Ita kuwa shimfiɗa mai raunin da duk abin da ke samanta ya zame a kanta, ya bar na ƙasa a inda yake, za mu kira ta shimfiɗar zamiya. A kanta wannan sharhi ya ta'allaƙa.

Gas kuma yana buƙatar abubuwa su haɗu masa. Yana son dutsen da zai haife shi, yawanci baƙin dutsen laka ko kwal da ya dahu da zafin ƙarƙashin ƙasa. Yana son ma'ajiya, dutse mai ƙofofi ko tsage-tsagen da zai zauna a ciki. Sai murfin da ba ya yoyo, da kuma siffar da za ta tare shi. Da yake gas ya fi ruwa sauƙi, kullum sama yake nema, shi ya sa ƙoƙon doro ya zama tarkonsa na asali. Tun 1885 masanin duwatsu ɗan Amurka I. C. White ya yaɗa wannan fahimta, kuma shekaru da dama masu neman mai abin da suke yi ke nan: su nemi doro a fili, su haƙa a tsakiyar kansa.

## Me ya sa dutse ke zamewa

Tambayar ta daɗe. A 1812 Sir James Hall na Sikotilan ya gabatar da wani gwaji mai sauƙi. Ya jera yadudduka ɗaya bisa ɗaya, ya ɗora musu ƙyauren ƙofa da nauyi a kai, sannan ya riƙa buga katako daga gefe biyu. Yadudduka suka tattare suka yi doro da kwari, daidai da abin da ya gani a duwatsun gaɓar tekun ƙasarsa. Gwajin ya nuna matsi daga gefe ne ke lanƙwasa dutse. Akwai kuma abin da ke cikin gwajin wanda sai daga baya aka ba shi muhimmanci: yadudduka sun tattare, amma abin da aka shimfiɗa su a kai bai motsa ba. Dole akwai inda na sama ya rabu da na ƙasa.

August Buxtorf, masani daga birnin Basel, shi ya nuna wannan wurin rabuwa a fili a 1907, a tsaunukan Jura da ke tsakanin Suwizalan da Faransa. Ya lura cewa duk doron da aka leƙa cikinsa, ba a ganin dutsen da ya girmi wata shimfiɗar gishiri da jifsam ta zamanin Tirayasik. Ya ce ashe duwatsun sama ne kawai suka tattare, kamar kafet da aka tura a kan daɓe mai santsi, tushen yana nan lafiya lau. Ramukan jirgin ƙasa da aka huda ta cikin tsaunukan a shekarun da suka biyo baya sun ƙarfafa maganarsa.

Saura matsala guda. Lissafi ya nuna cewa idan za a tura falon dutse mai tsawon kilomita goma-goma a kan busasshen dutse, ƙarfin da ake buƙata zai niƙe shi tun kafin ya gusa. A 1959 M. King Hubbert da William Rubey suka warware wannan. Dutsen laka yana riƙe ruwa a ƙananan ƙofofinsa, kuma idan aka binne shi da sauri ruwan ba ya samun mafita. Sai matsin ruwan ya ƙaru har ya ɗauke yawancin nauyin da ke sama, gogayya ta ragu, tsauni guda ya zame. Raunin laka ke nan: aro ne daga ruwan da ke cikinta. Ranar da ruwan ya samu hanya ya fita, laka ta koma dutse mai taurin kai.

Gishiri ba haka yake ba. Rauninsa a jininsa yake. Ko babu matsin ruwa, idan aka ba shi lokaci da ɗan zafi, zai malala. Bugu da ƙari ba ya matsuwa, nauyinsa yana nan kusan giram 2.2 a kowace kubik santimita komai zurfi, alhali duwatsun da ke kansa suna ƙara nauyi har su wuce shi. Wannan bambanci tsakanin gishiri da laka shi ne ya raba tsaunukan gas na duniya gida biyu.

A 1983 Dan Davis, John Suppe da F. A. Dahlen suka kwatanta jerin tsaunuka da tulin yashin da ke gaban bakin katafila. Idan ƙasan da katafilar ke turawa a kai tana da kaushi, tulin zai yi tsini, gajere mai gangare. Idan tana da santsi, tulin zai baje ya yi nisa. Bayan shekara biyu Davis da Terry Engelder suka nuna cewa a kan gishiri gangaren kan sauko zuwa digiri ɗaya ko ƙasa da haka. Shi ya sa tsaunukan da ke kan gishiri suke da faɗi, dorayensu a jere suke da tazara, kafaɗunsu biyu kusan daidai, tsagogin hawa kuma suna kallon gaba da baya. Tudun Potwar na Pakistan misali ne: an ture shi kudu a kan tsohon gishiri, tsakiyarsa ba ta wani tattare ba, sai can bakinsa gishirin ya ɓullo a jerin tsaunukan da ake haƙar gishirin Khewra. Tsaunukan da ke kan laka kuwa sun fi matsuwa, dorayensu sun karkata gefe guda, yankakkun duwatsu suna hawa kan juna kamar ɓawon kifi.

## Zagros: bene mai hawa biyu

Babu inda ake ganin wannan aiki a sarari kamar tsaunukan Zagros, waɗanda suka miƙe sama da kilomita 1,500 daga kudu maso gabashin Turkiyya, ta arewacin Iraki, zuwa mashigin Hormuz a Iran. Faifan Larabawa yana matsowa arewa da kimanin santimita 2 a shekara, wani kaso na wannan matsi kuma a Zagros yake ƙarewa. Shimfiɗun da ke wurin kaurinsu ya kai kilomita 10 ko fiye, a ƙasansu kuma akwai gishirin Hormuz, mai shekaru kusan miliyan 550.

Wanda ya kalli yankin Fars na Iran daga sama zai ga dogayen doraye a kwance kusa da juna, wasu tsawonsu kilomita hamsin, wasu fiye, kamar garken dabbobi sun juya baya. Nan da can kuma zai ga wasu baƙaƙen tabo masu zagaye. Gishirin Hormuz ne ya huda kilomitoci na dutse ya fito, a wurare sama da 100. A Kuh-e Namak na lardin Bushehr gishirin ya yi tsauni, yana gangarowa ta gefe kamar harshe, launinsa ja da toka da fari saboda ƙasar da ya kwaso a hanya, fuskarsa cike da ƙayoyi masu kaifi da ruwan sama ya sassaƙa. Masu bincike da suka kafa alamomi a kansa sun gano cewa ya fi gusawa bayan an yi ruwa. Abin da ke faruwa a ɓoye a ƙarƙashin ƙasa ke nan, ya fito fili.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Zagros tana da shimfiɗar zamiya fiye da ɗaya. Tun 1950 C. A. E. O'Brien ya kasa duwatsun yankin kashi-kashi: tushe, sai rukuni mai motsi na ƙasa, sai rukuni mai ƙwari, sai rukuni mai motsi na sama, sannan waɗanda ke kwance a kai ana ɗauke da su. Rukuni mai motsi na sama shi ne Gachsaran, cakuɗen gishiri, jifsam da laka na zamanin Mayosin. Yana kwance ne kai tsaye a kan dutsen farar ƙasa na Asmari, wanda daga cikinsa man Masjed Soleyman ya ɓullo a watan Mayun 1908, rijiyar da ta buɗe tarihin man Gabas ta Tsakiya.

Lokacin da Asmari ya lanƙwashe, Gachsaran bai bi shi sau da ƙafa ba. Ya tsere daga kan doro, inda matsi ya fi yawa, ya taru a kafaɗu da kwaruruwa. A wani wuri ya rage 'yan ɗaruruwan mitoci, a wani ya haura mita dubu biyu. Duwatsun da ke samansa suka yi tasu lanƙwasar daban. Sakamakon haka doron da ido ke gani a fili yana iya kaucewa na ƙasa da kilomitoci, har wani lokaci kwari ne a sama, doro a ƙasa. Masu haƙa na farko a kudu maso yammacin Iran sun sha wannan darasi da tsada, domin ƙa'idar haƙa a tsakiyar doro ta daina aiki da zarar gishiri ya shiga tsakani.

A Fars labarin ya sake salo. A can Asmari ya fito fili, zaizaya ta cinye murfinsa, abin da ke ciki ya daɗe da tafiya. Gas ɗin yankin yana can ƙasa, a duwatsun Dalan da Kangan, ƙarƙashin wata shimfiɗa mai rauni ta tsakiya da ake kira Dashtak. Filayen gas na Kangan, Nar, Aghar da Tabnak duk a ƙarƙashin wannan murfi suke. Ke nan a jerin tsaunuka guda, gishirin ƙasa ya tsara girman dorayen, na tsakiya ya riƙe gas, na sama ya riƙe mai kuma ya ɓatar da masu nemansa.

## Kucha da Sichuwan: murfi mai riƙo, murfi mai guba

A kwarin Kucha da ke yankin Shinjiyang na ƙasar Sin, a gindin tsaunukan Tian Shan da muka ambata tun farko, shimfiɗar gishiri da jifsam ta Kumugeliemu ta raba ƙasa gida biyu. Abin da ke samanta manyan lanƙwasa ne masu sauƙin fahimta. Abin da ke ƙasanta kuwa yankakkun falayen dutsen yashi ne na zamanin Kiritashiyos, sun hau kan juna, kowane yanki tarko ne mai zaman kansa. Gas ɗin ya fito ne galibi daga kwal da baƙar laka da ke can ƙasa. A 1998 aka gano filin Kela-2, mai gas kimanin kubik mita biliyan 284, kuma shi ne ƙashin bayan bututun farko na yamma zuwa gabas, mai tsawon kusan kilomita 4,000, wanda ya fara kai gas Shanghai a 2004. Filayen Keshen, Dabei da Bozi sun biyo baya, dukansu sun fi Kela-2 zurfi.

Matsin gas a Kela-2 ya kusa ninka abin da aka saba gani a irin wannan zurfi. Murfin laka da wuya ya jure haka, tsaga ɗaya ta isa ta zubar da komai. Gishiri kuwa idan ya tsage yakan malalo ya like kansa, kuma tsagogin hawa da ke tasowa daga ƙasa sukan mutu a cikinsa ba su kai sama ba. Wannan ne babban abin da Kucha ta fi wurare da yawa da shi. Sai dai ba kowane gishiri ke yin haka ba. Inda bai yi zurfi ba, ko ya cika jifsam da laka, yana iya karyewa. Inda kuma aka matse shi har ya ƙare, dutsen sama ya taɓa na ƙasa, nan ma ƙofa ta buɗe.

Gabashin Sichuwan, shi ma a ƙasar Sin, yana da shimfiɗun zamiya uku ko fiye, tun daga laka da jifsam na zamanin Kambiriyan, zuwa laka ta zamanin Siluriyan, zuwa gishirin Tirayasik. Siffar da suka bayar ana ganinta ko a taswira: siraran tsaunuka dogaye a jere kamar haƙoran mataji, tsakaninsu faffaɗan kwari. Mutanen yankin sun daɗe da sanin gishiri da gas maƙwabta ne. Rijiyar Shenhai ta Zigong ta haura mita 1,000 tun 1835, kuma da gas ɗin da ke fitowa ake dafa ruwan gishirin.

A nan ne kuma shimfiɗa mai rauni ta zama ita kanta ma'ajiya. Dutsen lakar Longmaxi shi ne ake fasawa da matsin ruwa a filin Fuling, wanda aka gano a 2012. Inda ya zauna a cikin faffaɗan doro mai shimfiɗaɗɗen kai, nesa da manyan tsagogi, ya riƙe gas da matsinsa. Inda zamiya ta murƙushe shi, tsagogi suka kai har fili, gas ya ragu ƙwarai. Laka ɗaya ce, shekarunta ɗaya, bambancin kawai yawan wahalar da ta sha.

Jifsam yana da wani hali da ya kamata a sani. A zurfin da zafi ya haura digiri 120 zuwa 140 a ma'aunin Salsiyos, sinadarin da ke cikin busasshen jifsam yakan haɗu da gas ya haifar da iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda kaɗan daga cikinta ke kisa. A filin Puguang na Sichuwan takan kai kusan kashi 15 cikin ɗari na gas ɗin.

## Inda masana suka rabu

Muhawara mafi tsufa ita ce ko tushe yana shiga cikin lanƙwasar. Ɓangare guda yana cewa fatar sama ce kawai ke tattarewa a kan shimfiɗar zamiya, hujjarsu kuwa siffar dorayen da tazararsu, da gwaje-gwajen ɗakin bincike inda ake jera yashi a kan roba mai malala a matsa, a samu kusan hoton Fars. Ɗaya ɓangaren yana nuna wuraren da ƙasa ta yi tsalle da kilomitoci daga wannan yanki zuwa wancan, abin da kaurin gishiri kaɗai ba zai bayyana ba, da kuma girgizar ƙasa masu zurfi. Girgizar 12 ga Nuwamban 2017 a Sarpol-e Zahab da ke yammacin Iran, cikin Zagros, mai ƙarfin maki 7.3, wadda ta kashe mutum sama da 600, ta faru ne a zurfin da ya kai ƙasan shimfiɗun ko cikin tushen kansa. A gefe guda kuma wasu binciken sun nuna cewa da yawa daga matsakaitan girgizar Zagros a cikin rukuni mai ƙwari suke faruwa, sama da gishirin. Abin da hujjojin suka fi goyon baya shi ne duka biyun suna aiki, sau da yawa a jere: fata ta fara tattarewa, tushe ya karye daga baya. Ga mai neman gas jerin lokacin yana da nauyi, domin karayar da ta zo bayan tarko ya cika tana iya karkatar da shi ya zube.

Akwai kuma saɓani kan ko gishirin Hormuz ya kai arewa maso yammacin Zagros. Gabas da tsagar Kazerun ana ganinsa a fili. Yamma da ita, a Lurestan da Kurdistan ta Iraki, ba ya fitowa, don haka wasu ke ganin dutsen laka ne ke yin aikin zamiya a can.

Abin da ke hana a yanke hukunci shi ne wahalar gani. Ana ɗaukar hoton ƙarƙashin ƙasa ne da amo: a tura girgiza ƙasa, a saurari dawowarta. Amo yana gudu a cikin gishiri da kusan mita 4,500 a daƙiƙa, fiye da yawancin laka da yashin da ke kewaye da shi, don haka kuskure kaɗan wajen ƙiyasta kaurinsa yakan ƙirƙiro doron da babu shi, ko ya gusar da na gaskiya. Duwatsun da suka miƙe tsaye ba sa mayar da amo sama. A Bozi akwai tsakuwa mai kaurin dubban mitoci a sama. A tsaunukan Papuwa Niyu Gini dutsen farar ƙasa na Darai cike yake da koguna da ramuka masu haɗiye amo. Don cike wannan giɓi ake amfani da dabarar da Clinton Dahlstrom ya tsara a 1969 daga aikinsa a tsaunukan Kanada: duk zanen da aka yi na ƙarƙashin ƙasa dole a iya warware shi ya koma shimfiɗaɗɗe ba tare da ragi ko rara ba. Dabarar tana fitar da zanen da ba zai yiwu ba, amma ba ta zaɓar guda daga cikin masu yiwuwa. Kuma a inda shimfiɗa mai rauni ta malala gefe, lissafin ma ya raunana.

Wannan ya dawo da mu Boliviya. A kudancin ƙasar shimfiɗun zamiyar laka ne, Kirusillas a ƙasa, Los Monos a tsakiya. Gas ɗin manyan filaye irin su San Alberto, Sábalo da Margarita yana cikin dutsen yashi na Huamampampa, mai tauri ƙwarai, wanda tsage-tsagensa ne kawai ke ba gas hanya. Los Monos tana kwance a kansa, ita ce murfi, tana cikin masu haifar da gas ɗin, kuma ita ce ke cunkushewa a cikin cikin doro har kaurinta ya ninka sau da yawa. Mai haƙa yakan shafe watanni a cikinta, cikin matsi mai haɗari, bai san ko saura mita ɗari biyu ba ko dubu. A Boyuy dutsen da ake nema ya zo ƙasa da inda aka yi hasashe, a zurfin da ƙofofin dutse suka riga suka matse.

## Abin da ya taɓa jama'a

Na farko tsada. Gishiri ba ya daina motsi don an huda shi. Yakan matso ya riƙe sandar haƙa, bayan shekaru kuma ya lotsa bututun ƙarfen da aka zura, don haka sai an sa mai kauri na musamman. Taɓon da ake haƙa da shi dole ya yi nauyin da zai danne matsin da ke cikin gishirin, amma da an fita ƙasansa wannan nauyin na iya fasa ma'ajiyar, taɓon ya zurare. Mitoci kaɗan ne tsakanin daidai da ɓarna. Rijiya ɗaya takan ci shekara ko fiye da dala miliyoyi masu yawa, kuma kuɗin busassun rijiyoyi a ƙarshe yana komawa kan farashin gas ko baitulmalin ƙasa.

Na biyu rai. A daren 23 ga Disamban 2003 wata rijiya ta ƙwace a gundumar Kaixian ta Chongqing a ƙasar Sin, iskar guba ta bi kwaruruwa ta shiga ƙauyuka mutane suna barci. Mutum 243 suka mutu, aka kwashe dubun-dubata. Bincike ya ɗora laifin kan sakaci a wurin aiki, amma gubar kanta daga duwatsun ta fito, kuma an san da ita tun kafin a fara haƙa. Tazarar gidaje daga rijiya da shirin kwashe mutane abubuwa ne da ilimin shimfiɗun ke iya faɗa tun da wuri.

Haka batun girgizar ƙasa. Tsaunukan da ke tara gas yawanci ba su gama tattarewa ba. Shimfiɗa mai rauni takan hana tsaga fitowa fili, sai mazauna wurin su zauna a kan haɗarin da ba su da alamarsa. A watan Fabrairun 2018 girgiza mai maki 7.5 ta afka wa tsaunukan Papuwa Niyu Gini kusa da filin gas na Hides, ta kashe mutum sama da 100, yawanci ta zaftarewar ƙasa, ta kuma tsayar da fitar da gas na ƙasar har watan Afrilu.

Sai kuɗin shiga. Gas ɗin Boliviya ya kai ƙololuwa a 2014, kusan kubik mita miliyan 60 a rana, cikin shekara goma kuma ya kusa raguwa da rabi. Sayar wa Ajantina gas ya tsaya a 2024. Harajin gas ne ke tallafa wa ƙananan hukumomi, jami'o'i da fanshon tsofaffi, ƙarancin dala da dogayen layukan mai kuma sun biyo bayan faɗuwar. Masu suka suna ɗora laifin kan dokar haraji ta 2005 da mayar da harkar hannun gwamnati a 2006, suna cewa sun kori masu zuba jari a bincike. Masu kare manufar suna cewa kuɗin ya rage talauci, kuma manyan filayen sun tsufa ne kawai. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma duwatsun suna ƙara wa muhawarar nauyi: tarkunan da suka rage sun fi zurfi, sun fi wuyar gani, don haka kowace shekarar da ba a haƙa ba ta fi tsada a nan fiye da a wani wuri.

A watan Yulin 2024 shugaban Boliviya na lokacin, Luis Arce, ya sanar da gano gas a rijiyar Mayaya da ke arewacin La Paz, aka ƙiyasta shi da kubik ƙafa tiriliyan 1.7. Adadin ya fito ne daga rijiyar farko haɗe da taswirar amo. Rijiyar ta tabbatar akwai gas a wurin da ta huda. Faɗin tarkon, da ko tsagogi sun yanka shi gida-gida a ƙarƙashin lakar, sai rijiyoyin da za a haƙa a kafaɗun doron ne za su nuna, sannan a zo maganar shimfiɗa bututu daga yankin da ke nesa da inda bututan gas na ƙasar suke.